Kubura da Fangali Bakwai

Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai da safe a bakin tashar motar Jega, a shekarun farko na jihar Kebbi, ya san Kubura ko da bai san sunanta ba. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, kuma ba ta iya ciniki da murmushi ba. In ƙosanta bai yi maka ba, sai ta nuna maka mai waina da matsamin da ke hannunta, ta ce ga hanya.

A Jiga Makera aka haife ta. Ita ce 'yar fari ga Malam Dalhatu manomin albasa, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. Inna yake ce mata tun tana goye. Ta yi firamare zuwa aji huɗu, aure ya kawo ta Jega, ta haifi biyar, uku suka rayu. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a hanyar Yawuri. Da ta gama takaba dangi suka ce ta koma gida. Ta ce ba za ta zauna jiran abin da za a miƙo mata a kwano ba, ta je ta sayi kasko.

Abu ɗaya ne ake yi mata dariya a kansa. A cikin ɗaurin tsofaffin takardun da take saye don naɗe ƙosai, akan samu yagaggun mujallu na labarin hotuna, irin waɗanda ake aikata laifi a farko, wani mai ƙatuwar hula ya yi ta bin sawu. Turancinta bai kai ya kawo ba, amma hotunan ba su fi ƙarfinta ba. Matsalar ita ce da wuya ta ga ƙarshen labari. Ko dai shafin ya yage tun kafin ya iso hannunta, ko kuwa ta riga ta naɗe ƙosai da shi ta miƙa wa kwandasta. Sai ta koyi ƙarasa labarin da kanta. Takan ce gane mai laifi ba wani aiki ba ne, tunda masu zanen ma da muguwar fuska suke zana shi. Abin da ya sa ya yi, nan ne aikin yake. Matan tasha suka sa mata suna 'yar sandan ƙosai. Ba ta taɓa zaton wannan shirme zai yi mata rana ba.

A shekara ta uku da yanke Kebbi daga Sakkwato, cikin ɗari, wata Litinin da hantsi, ƙanenta Almu ya tsaya da babur a gaban kaskonta. Bai ko gaishe ta da kyau ba. Ya ce ta sauke mai ta taso, Baba ya yi abin da ba a taɓa yi ba.

Wanda bai san albasa ba ba zai gane girman abin ba. Albasa iri biyu ake shukawa a fadama. Akwai ta kasuwa, wadda in ta fito da karan fure ake karye shi maza, don in an bar shi ƙwayar ba ta cika, ba ta kuma ajiyuwa. Akwai kuma ta iri, wadda saboda furen aka dasa ta, daga gare shi ake samun abin shukawa baɗi. Maccido, maƙwabcin Malam Dalhatu a fadama kuma abokinsa na shekara arba'in, shi ne mai irin da rabin Jiga Makera ke dogaro da shi. To ranar Lahadi, ido na ganin ido, aka tarar da Malam Dalhatu tsakiyar albasar irin Maccido yana kakkarye fure ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba a gemunsa. Kafin a farga ya gama da fangali bakwai. Da Maccido ya sheƙo yana salati, sai tsohon ya miƙe ya ce masa, "Maccido, mi kake nema cikin albasata?" Daga nan kuma ya koma gida, bai sake cewa uffan ba.

Maigari ya riga ya yanke magana. In Malam Dalhatu da hankalinsa ya yi, Maccido zai kai ƙara gaban alƙali a Jega, kuma kowa ya san inda mai ɓarnar amfanin gona yake kwana. In kuwa taɓuwa ya yi, Maccido ya haƙura, amma dole a ɗauke shi daga gari kafin ya yi wata ɓarnar. Almu ya zaɓi ta biyu. Har ya yi magana da wani mai maganin mahaukata a wani ƙauye bayan Maiyama, inda ake sa ƙafar mutum a turu har sai ya daina musu. Motar da za ta ɗauke shi za ta zo ranar Alhamis da safe.

"Turu?" in ji Kubura. "Baban namu?"

"To kurkuku kike so, Yaya? Ki zaɓa mashi da kanki."

Ta bar kaskon a hannun 'yarta, ta hau bayan babur da zanen aikinta mai warin mai.

Ta sami mahaifinta zaune a kan buzu cikin ɗakinsa, ya juya wa ƙofa baya. Ya rame, don bai daɗe da tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da shi mako uku ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa. Ta tambaye shi ko gaskiya ne, ya ce shi ya yi, da hannunsa. Ta ce don mi. Ya ja carbinsa. Ta roƙe shi da girman Allah, ta roƙe shi da darajar uwar da ya sa mata sunanta, ta gaya masa akwai mota ranar Alhamis, akwai igiyar ɗaure shi. Ya ce ya ji. Ta fito tana jin kamar ta kama garun ɗakin ta girgiza.

Dalilai kuwa, a garin kowa yana da nasa a aljihu, kyauta yake rabawa. Wasu suka ce hassada ce, don bana Maccido ya sayi injin ban-ruwa, shi kuwa Dalhatu har yanzu bai wuce guga ba. Wasu suka tono wata gardamar iyaka da aka yi tun zamanin iyayensu, suka ce ai kun ji shi da bakinsa yana kiran albasar Maccido tasa. Matan gida suka ce iskokin fadama ne, in ba haka ba me zai sa mutum ya riƙa ɓarna yana kuka. Almu ya ce zazzaɓi ne ya hau masa kai. Mutanen da suka yi shekara sittin suna salla sahu ɗaya da shi, ba wanda ya ce bari in zauna in yi tunani. Kwana ɗaya ya ishe su su mayar da dattijo ko mugu ko mahaukaci.

Talata gaba ɗaya Kubura ta yi ta shiga gida tana fita. Ba dalilin da ya zauna mata. Mai hassada a ɓoye yake ɓarna, ba ya jira sai fadama ta cika da mutane. Gardamar iyaka kuwa an kashe ta tun ita tana yarinya, an ci goro a kanta. Mahaukaci kuma ba ya lissafa raka'a daidai, ita kuwa ta tsaya bayan ƙofa ta saurari sallarsa, ba inda ya kuskure.

Da la'asar ta je wurin Maccido. Ta same shi a zaure ya zabga tagumi. Bai kore ta ba, amma bai ce ta zauna ba. Ya ce mata duk kwanakin da ubanta ya yi kwance, shi ya riƙa shayar masa da albasa da injinsa, bai nemi ko godiya ba. Ya ce da wuta ce ta cinye irin nan da ya ce ƙaddara. Amma Dalhatu! In ya rufe ido, hannun Dalhatu yake gani yana karya.

"Baba Maccido, ka ba ni mako guda."

"Ni ba ni da mako, ɗiyata. Mutane ashirin sunka zo jiya suna tambayata mi za su shuka baɗi. Ke mi zan ce masu?"

Ta tashi ta fito.

Laraba da safe, saura kwana ɗaya, ta ɗaura gyale a ƙugu ta nufi fadama. Rabonta da wurin ya fi shekara goma. Maza na ta ɗago kai suna kallonta, ba ta kula kowa ba. Ta ce wa kanta, a labaran takardun ƙosai ma mai hular nan ba ya zama yana sauraren surutu, wurin yake zuwa ya duba da idonsa.

Abin da ta fara gani shi ne babu ɓarna irin ta mai fushi. Ba a taka ko lawashi ɗaya ba. An karye kowane kara daga gindi, a tsanake, an kwashe an tara su a bakin fangali, kawunan duk sun dubi gefe guda. Ta gane aikin, domin haka mahaifinta ya koya musu ita da Almu tun suna ƙanana, har yakan ce aikin da ba a gyara bayansa ba ba aiki ba ne. Mutumin da ya yi wannan, gyara ya zo yi.

Sai ta ƙirga. Albasar irin Maccido fangali goma sha ɗaya ce a jere. Bakwai na farko an aske su tas. Huɗun da suka rage suna nan da furensu fari sol, ba a taɓa ko ɗaya ba. Wanda ya zo don mugunta ba zai bar huɗu ba. Ta wuce gaba zuwa lambun mahaifinta, wanda ke farawa daidai inda na Maccido ya ƙare. Fangali bakwai ne, kamar yadda suke tun tana yarinya. A cikinsu kuwa ga karan fure nan tsaye jefi-jefi, an bar su suna shanye albasar. Malam Dalhatu bai taɓa barin karan fure ya kwana biyu a albasarsa ba.

Ta tsaya a kan iyaka tana waige-waige, tana jin wani abu ya ɓata a wurin amma ta kasa cewa mene ne. Sai ƙafarta ta faɗa wani rami da aka cike da ƙasa sama-sama. Nan ne jigo yake a da, ƙaton gwafan icen da suke rataya guga su ja ruwa, mahaifinta da Maccido. In ka taho daga gari, sai ka wuce lambun Maccido, ka iso jigo, daga jigo lambun Dalhatu ya fara. Ta waiwaya baya. Ga gwafan can an kafa shi a farkon lambun Maccido, bakin hanya, an ɗora masa zana ya zama inuwar inji. Ta tambayi wani mai ban-ruwa yaushe aka tuge shi. Ya ce ai tun Malam na kwance, tunda inji ya zo jigo ba shi da sauran amfani.

Kubura ta koma bakin hanya. Ta rufe idonta, ta taho tana lalube har tafinta ya dafa gwafan. Ta yi taku ɗaya, ta buɗe ido. Tana tsaye a fangalin farko na irin Maccido.

Nan ta zauna a ƙasa, cikin laka. Mai ido ba zai bi ice ya ɓata a lambun da ya yi shekara hamsin yana nomawa ba. Abubuwa suka riƙa dawo mata. Da sallar bara mahaifinta ya kira 'yarta da sunan wata, sai da yarinyar ta yi magana ya gyara. Ya daina zuwa Jega, ya ce hayaniya ta ishe shi. Ya daina buɗe Alƙur'aninsa, da ka yake karatu. Ita duk ta ɗauka tsufa ne. Almu kuwa, da ke cin tuwo kwano ɗaya da shi kullum, me yake kallo in ba loma ba?

Ta koma gida da azahar. Ta cire takalmi tun daga tsakar gida, ta shiga ɗakin mahaifinta ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Yana fuskantar ƙofa wannan karon, haske na dukan fuskarsa. Ta tsaya gabansa, ta miƙa masa goro a tafin hannu. Idanunsa a buɗe suke, sun yi fari-fari a tsakiya. Hannunta ya gaji a miƙe. Can ya karkata kai ya ce, "Almu, kai ne?"

Kukan da ta riƙe tun Litinin ya ƙwace mata.

Bai yi musu ba. Ya ce shekara biyu ke nan abin yana rufe shi kaɗan-kaɗan, yanzu inuwa kawai yake gani. Ya haddace hanyar masallaci da ta fadama da ƙafa. Ran nan da ya dafa jigo ya shiga, ya ji fure ko'ina, sai ya ɗauka albasarsa ce ta lalace gaba ɗaya yana kwance, shi ya sa yake kuka. Sai da ya ji muryar Maccido ta fito daga inda bai kamata ba, sannan ya gane.

Ta ce to don me bai faɗa ba, ai magana ɗaya ce ta raba shi da turu.

Sai ya tambaye ta ko ta san yadda kakanta Mamuda ya ƙare. Ba ta sani ba, ba a taɓa faɗa musu ba. Ya ce Mamuda manomi ne da ba a yi kamarsa ba. Ranar da aka gane ya makance, a ranar 'yan'uwansa suka raba lambunsa, wai don su hutar da shi. Kafin shekara ta zagayo yana zaune bakin kasuwar Jega da ƙoƙo a gabansa, waɗanda ya koya wa dashe suna jefa masa kwabo suna wucewa.

"Mahaukaci shina warkewa ya koma lambunai, Inna. Makaho ba ya komawa. Ki bar su su kai ni."

"Za su sa maka ice ga ƙahwa, Baba. Za su doke ka."

"Na sani." Ya lalubo hannunta ya damƙe. "In kinka hwaɗa, ban yahe maki ba."

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san nauyin wannan kalma daga bakin uba. Kubura ta fito ta zauna gindin rumbu har rana ta yi sanyi. Ta nemi hanya ta uku, ta rasa. Ta ce wa Almu ya ɗaga tafiyar, ya ce an riga an yi magana da mai mota. Ta yi tunanin ta sace tsohon ta gudu da shi Jega, sai ta tuna alƙalin ma a Jega yake.

Alhamis da safe motar a-kori-kura ta tsaya ƙofar gidan maigari. Direba ya sauko da igiya a naɗe. An fito da Malam Dalhatu cikin farar rigarsa ta Juma'a, yana tafiya a miƙe kusa da Almu, kafaɗarsa na gogar ta ɗan. Mutane sun taru, har da waɗanda ba su taɓa fashin fadama ba. Kubura ta ratsa tsakiyar maza ta durƙusa gaban maigari. Wani ya ce a janye matar nan. Maigari ya ce a bar ta.

Ba ta yi doguwar magana ba. Ta tambayi Almu fangali nawa ne lambun ubansu, ya ce bakwai. Ta tambayi Maccido nawa aka karye masa, ya ce bakwai. Ta tambaye shi yaushe ya tuge jigo, ina kuma ya kafa shi. Ya faɗa, yana dubanta da mamaki. Tana jin numfashin mahaifinta a bayanta.

"Kubura," in ji shi.

Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Ta dafa ƙasa da hannu biyu.

"Ranka shi daɗe, ubana ba mugu ba ne, kuma hankalinai ɗaya. Ba shi gani. Jigo shike bi, an kuwa gusar da jigo."

Wani daga baya ya ce dabara ce ta mata. Maccido ya tashi a hankali, ya tako har gaban abokinsa, ya miƙa masa hannu kamar mai son gaisawa. Hannun ya tsaya a iska, tazarar taki ɗaya daga ƙirjin Malam Dalhatu. Tsohon yana kallon gaba, fuskarsa a ɗaure, bai san ana miƙo masa komai ba. Kowa ya gani. Sai Maccido ya kamo hannun da kansa ya riƙe, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na girgiza.

Motar ta koma Maiyama da igiyarta. A ranar Malam Dalhatu ya sa aka ciro goran irin da ya ajiye a rufin ɗakinsa aka kai wa Maccido. Bai kai abin da aka rasa ba, kuma baɗin, wasu sun shuka ƙasa da yadda suka saba, sun yi ta gunaguni har girbi. Almu ya fara maganar a hutar da Baba daga lambu tun kafin mako ya cika. Kubura ta ce masa ranar da ya taɓa fangali ɗaya, za ta kafa kaskonta a ƙofar gidansa ta riƙa ba duk mai saye labarin igiyar. Bai sake tayar da zancen ba. Maccido kuwa ya tuge gwafan ya mayar da shi ramin da ya fito, inji ya zauna a rana. An kai tsohon asibiti, aka duba, aka ce an makara.

Amma Malam Dalhatu bai sake yi wa Kubura magana ba. Ta zo da azumi, ya amsa gaisuwa da kai. Ta zo da salla, ya juya ga bango. Ta koma bakin kaskonta tana suya, ƙosai na ƙonewa tana kallo. Matan tasha suka lura ta daina duba takardun, naɗewa kawai take yi.

Sai da albasar shekara mai zuwa ta shigo. Wata safiya wani direban Aliero ya sauke buhu a gefen murhunta, ya ce wani tsoho ne a Jiga Makera ya tsare shi a hanya, ya ce shi ya noma ta da hannunsa.

"Wa yac ce ka kawo wa?" in ji Kubura. Ta kasa ɗago kai.

"Cewa ya yi in kai wa Inna mai ƙosai. Wai kuma in gaya maki gishirinki ya cika yawa, ki rage."

Malam Dalhatu ya yi shekara biyar bayan nan yana bin jigo zuwa lambunsa, bai taɓa riƙe ƙoƙo ba har ya koma ga Allah. Kubura ta ci gaba da suya har gwiwa ta hana ta, ta bar wa 'yarta kaskon. Gishirin kam ba ta rage ba.